Wanda Ya Dawo Shi Ke Ba Da Labari

Kwanakin baya 'yar ƙanwata ta zo mini da littafin rubutunta, tana shirin jarrabawar adabi, ta ce, "Kawu, yi mini tambayoyi in ga ko na haddace." Na buɗe shafin da ta lanƙwasa. An jera littattafai, kowanne da jigonsa a gabansa cikin kalma biyu ko uku: Ruwan Bagaja, nishaɗi da biyayya ga iyaye, Ganɗoki, jarunta, Jiki Magayi, ramuwar gayya, Shaihu Umar, haƙuri da yarda da ƙaddara. Ta amsa duka ba gargada. Sai na jefa mata tambayar da ba ta cikin takardar: a wane gari uwar Umar ta rasu, me kuma ya kai ta can? Ta yi shiru, can ta ce, "Ai Kawu ba ita ce tauraruwa ba."

Ban ga laifinta ba, don mu ma haka aka koya mana. Tsarin nan na jigo da warwarar jigo, zubi da tsari, salo da taurari, manazartanmu sun sha wahala kafin su kafa shi, ya kuma ba ɗalibi tsanin da zai taka ya leƙa cikin littafi. Illar da ta biyo baya ita ce mun saba karɓar jigo daga bakin mai ba da labari, mu rubuta yadda ya faɗa, mu rufe littafi. A tsofaffin ƙagaggun labaranmu kuwa, mai ba da labarin kusan kullum shi ne wanda ya tsira. Ya fita, ya sha wuya, ya dawo gida, ya zauna a kan buzu ko shimfiɗa mutane sun kewaye shi. Dole bakinsa ya cika da godiya, dole ya ga hikima a cikin duk abin da ya same shi, tunda ga shi da ransa. Waɗanda suka fita tare da shi ba su dawo ba, ba a tanadar musu shimfiɗa a zauren ba. Ni a ganina nauyin waɗannan littattafai yana wurinsu, kuma marubutan sun san da haka fiye da yadda muke zato.

A tuna yadda littattafan suka samu. A 1933 Rupert East, wanda ke jagorantar Hukumar Fassara a Zariya, wadda ta koma Hukumar Talifi, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Shekara talatin ke nan cif da faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun Turawa a 1903. Imam na da shekara 22, Ɓalewa na da 21, dukkansu malaman makarantar Midil da suka fito daga Kwalejin Katsina. Iyayensu sun ga zamanin hari da idonsu. Wanda zai duba rubutun ya buga shi kuma ma'aikacin gwamnatin da ta ci ƙasar ne. Duk wanda ya taɓa magana a gaban manya ya san yadda ake yi a irin wannan zama: ka faɗi abin da ya dace a faɗa a ƙarshe, amma ka ajiye abin da ke ranka a tsakiyar zance, inda mai kunne zai tsince shi.

Ruwan Bagaja ba zai riƙe mu da yawa ba, don shi wasa ne da ya san kansa wasa ne. Tauraronsa, Alhaji Imam, ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke Limamin garin daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Niyya ce mai kyau, ita ce kuma ake rubuta wa ɗalibai. Amma abin da ya cika shafukan shi ne damfara da ramuwa tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya jefa wancan a masifa, gobe wancan ya rama. Abubakar Imam bai ɓoye cewa ya amfana da Maƙamatul Hariri ba, littafin da almajiran zaure suka daɗe suna karantawa, wanda shi ma ya ginu a kan mai wayon da ake ta karo da shi gari bayan gari cikin sabuwar shiga. Mai karatu na dariya yana bin Alhaji domin Alhaji ke riƙe da zaren labarin. Da Zurƙe aka ba shimfiɗar, da wani littafi muka karanta, da kuma wani jigon aka haddace.

Ganɗoki ya fi ciwo. Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, yaro ne mai wayo lokacin da Turawa suka ci Kwantagora da Bida a 1901. Tauraronsa mayaƙi ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Ya ƙi saduda, ya bi sahun Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas har Burmi, inda aka kashe Attahiru da ɗimbin mutanensa a watan Yulin 1903. Har zuwa nan littafin yana tafiya a kan ƙasar da muka sani, da sunayen garuruwa da sarakuna na gaske. Daga nan sai ƙasa ta suɓuce. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa duniyar aljanu, suna yaƙi suna cin nasara ba iyaka. A ƙarshe ya komo gida, ya tarar ƙasa ta zauna a hannun Turawa, ya yarda da hakan.

An sha cewa wannan tsalle daga tarihi zuwa tatsuniya rauni ne a zubin littafin. Ni ina ganin shi ne wurin da littafin ya fi faɗin gaskiya. Bayan Burmi babu sauran filin daga a doron ƙasar nan da takobi zai yi nasara a kan bindiga mai ruwa. In ana so jarumi ya ci gaba da zama jarumi, sai an fitar da shi daga duniyar mutane. Aljanun nan ma'aunin girman kayen da aka sha ne. Wanda ya rubuta "jarunta" ya tsaya, ya ɗauki kirarin Ganɗoki ya bar makokin da ke ƙarƙashinsa. Akwai kuma wani abin da ba a cika tambaya ba: su waye Ganɗoki ke yaƙa tun kafin zuwan Turawa? Nagwamatse ya yi suna wajen kai hari da kamun bayi, ƙasar Gwari ta shaida. Ganɗoki na ba da labarin nan daga kan doki. Domin a ji yadda abin yake a ƙarƙashin kofato, sai an buɗe littafin Ɓalewa.

Shaihu Umar ya buɗe da natsuwa. Ga babban malami a Rauta ta ƙasar Bauci, ya shahara da ilimi da kyawun hali, almajiransa sun tambaye shi asalinsa, shi kuma ya shiga ba su labari. Ya ce shi mutumin Kagara ne ta wajen Bida, sunan da ya yi daidai da na garin su Bello da Imam. Maraya ne, uwarsa ta auri Makau, bafaden da sarki ke ji da shi. Aka fita hari, aka dawo da bayi, sauran fadawa suka ƙulla wa Makau sharri don hassada, suka ce ya ɓoye wasu daga cikin waɗanda ya kamo. Sarki ya kore shi daga gari.

A tsaya nan tukuna. A aji ana koyar da wannan wuri a matsayin misalin sharrin hassada da makircin fada, kuma haka ne. Amma a dubi ma'aunin da ake auna gaskiyar Makau da shi: mutum nawa ya kamo, mutum nawa ya bayyana. Mutumin kirki ne, mai amana, littafin bai bar mu da shakka a kan haka ba, kuma amanarsa ita ce bai rage ko kai ɗaya daga cikin 'ya'yan mutanen da ya raba da iyayensu ba. Babu wanda ya tambayi sunansu, a fada ko a zauren Rauta. Sai ga shi shafuka kaɗan a gaba abin da aka yi wa 'ya'yan wasu ya faɗo a kan ɗan gidan Makau. Uwar Umar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron a hannun amana, wani ya sace shi. Kura ta cinye ɓarawon, yaron ya faɗa hannun masu tausayi, mahara suka sake kwashe shi, ya tsinci kansa a Kano cikin kayan sayarwa. Ɓalewa bai tsaya ya yi wa'azi a kan wannan juyi ba. Ya jera abubuwan biyu kusa da juna ya wuce, kamar yadda mai hankali ke ajiye magana a gaban sarki.

Daga Kano hanya ta rabu biyu, kuma a nan gwanintar marubucin take. Umar ya shiga hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa ta ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami abin koyi. Wannan ita ce hanyar da ake cirowa jigo daga cikinta: ka yi haƙuri, Allah na iya fitar da alheri daga cikin musiba. Ba na jayayya da wannan ko kaɗan, imaninmu ne. Amma littafin bai tsaya a kan Umar ba. Ya bar shi cikin ni'ima ya koma baya ya bi uwar, ko da yake Umar da ke ba da labarin bai ga ko ɗaya daga cikin abin da ya same ta a hanya da idonsa ba. Marubucin da ke son nuna haƙuri da sakamakonsa kaɗai ba ya bukatar wannan wahala. Ɓalewa ya ɗauke ta da gangan.

Matar nan 'ya ce, ba baiwa ba. Ba wanda ya kama ta a hari. Da ƙafarta ta fita neman ɗanta, ta bi labarinsa har Kano, ta ji an yi arewa da shi, ta ƙi komawa. Wani mai suna Ado ya yi mata alkawarin kai ta inda yaron yake, ya yaudare ta, aka sayar da ita. Ta bi ta Murzuƙ ta ƙare a Tarabulus a gidan wanda ya saye ta, cikin duka da mari, baƙin ciki ya cinye jikinta. Lokacin da mafarki ya tayar wa Umar da begen uwarsa, suka kamo hanya da Abdulkarim, a Tarabulus ya same ta. Sun gana, sun san juna, ba a jima ba ta cika. Hamada guda suka ƙetare, ɗa da uwa, ciniki guda ne ya ɗauke su. Shi ya fito da rawani, ita ko ƙasar haihuwarta ba ta sake gani ba.

To haƙurin wa za a koya wa yara? In haƙuri ne ke kawo sakamako a duniya, wa ya fi ta cancanta? Ita ba ta ma yi irin haƙurin da ake nufi ba, na zama a jira. Ta tashi, ta nema, ta ƙi miƙa wuya ga wanda ya saye ta, kuma wannan ƙin ne ya jawo mata azaba. Duk littafin babu wanda ya yi abin da ya kai nata girma. Umar, Allah ya ba shi ilimi da hali, amma kusan duk rayuwarsa ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu, har guguwar rairayin da ta binne ayarinsu a hanyar dawowa ta bar shi da rai. Ita kaɗai ce ta zaɓi hanyarta. Amma da yake ba ta kai Rauta ba, sai ta zama "ba tauraruwa ba".

Akwai masu ganin cewa Ɓalewa ya yi wa bauta kwaskwarima, tunda ya kawo ubangida mai tausayi irin Abdulkarim, kuma bai fito ya la'anci cinikin da baki ba. Na fahimci wannan ƙorafi, amma ban yarda da shi ba. Abdulkarim mai kirki ne ga Umar, kuma fataucin bayi na cikin sana'arsa. Ayarin da ya ɗauki Umar ya ɗauki wasu da ba wanda ya mayar da su 'ya'ya. Littafin ya nuna mana cewa mutum na iya zama mai salla, mai kyauta, mai riƙon maraya, yana kuma ci daga wannan kasuwa ba tare da zuciyarsa ta dame shi ba. Wannan ya fi la'anta tsanani, domin bai bar mana mafakar cewa miyagu ne kaɗai suka yi ba. Mahara namu ne, dillalan Kano namu ne, Ado namu ne. Balarabe a ƙarshen igiya yake.

A kuma tuna lokacin da aka yi rubutun. Dokar Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne. Amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu kai tsaye ba. Da yawa sai da suka bi ta murgu da fansar kai a gaban alƙali. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Wato ranar da saurayin malamin nan na Bauci ya zauna yana rubuta labarin uwar Umar, akwai tsofaffi a rinji da gidajen sarauta waɗanda har a idon doka ba su gama fita daga bauta ba, akwai kuma iyayen gijinsu a raye, wasunsu su ke riƙe da ƙasa. Ɓalewa kuwa ba daga gidan sarauta ya fito ba. Mutumin da ya tsara makircin fadar Kagara yana da shekara 21, shi ne ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e. Muna tunawa da shi a matsayin Firayim Minista mai murya mai daɗi da aka kashe a Janairun 1966, har hoton nan na dattaku ya rufe mana ido daga ganin cewa littafinsa na ƙuruciya yana da haƙora.

Jiki Magayi, wanda ba tauraro ne ke ba da labarinsa da bakinsa ba, ya nuna abin ta wata fuska. Attajiri Malam Shaihu ya raba Abubakar da Zainab da ƙarfin dukiya, Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya yi yawon neman asiri har ya samu. Amma a kan wa asirin ya sauka? A kan Kyauta, yaron da ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi laifin. Shi ya lalace ya zama ɓarawo, hannunsa ne ya kashe ubansa bai sani ba. Zainab kuwa, wadda a kanta aka fara rigimar, ta rasa masoyi, ta rasa miji, ta ga lalacewar ɗa. "Ramuwar gayya" sunan abin da maza biyu suka yi ne. Bai ce komai a kan waɗanda suka biya kuɗin ba.

Duk marubutan littattafan nan biyar maza ne. Ba wai mata ba su rubutu a ƙasar nan ba, Nana Asma'u ta rasu tun 1864 ta bar waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci. Amma makarantar boko da ta haifi gasar 1933 ta maza ce, sai a shekarun 1980 irin su Balaraba Ramat Yakubu suka karɓi alƙalamin ƙagaggen labari da ƙarfi. Duk da haka muna da muryar mace daga wancan zamani na hari. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta ba da labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. A ciki akwai rinjin gidansu da bayinsu, akwai kuma mahara da suka kwashe 'yan uwanta aka yi ta fafutukar fanso su. Gida guda, ya mallaki bayi, an kuma kama nasa. Ina mamakin yadda ba a cika haɗa wannan littafi da Shaihu Umar a aji guda ba, alhali kowanne na cike giɓin ɗan'uwansa.

Wani zai ce wannan duk tsohon zance ne, a bar yara su ci jarrabawa. Hanyar da uwar Umar ta bi ba ta tsufa ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa irinmu. Talauci ne ya fitar da su, ba mahara ba, bambancin a fili yake. Amma har yau akwai mai cewa mace "zo in kai ki", har yau akwai wanda ke dawowa daga Libiya ko Aljeriya da kaya a taru ana jin labarinsa, har yau ba a jin na wadda rairayi ya rufe. Yaron da aka koya masa ya tambayi littafi "ina sauran?" zai iya yi wa mai dawowa wannan tambaya kafin ya sayar da gonar gado ya bi shi.

Abin da nake roƙon malaman adabi bai da yawa. A bar jigo a inda yake, amma kada a ba ɗalibi shi tun kafin ya karanta littafin. A sa shi ya gano wa ke magana, a ina yake zaune yana maganar, me ya samu a ƙarshe da ya sa yake ganin duniya yadda yake ganinta. Sa'an nan a sa shi ya lissafa waɗanda suka shiga labarin ba su fita ba. Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim a 1976, an kuma gyara tsohon faifan an nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Inda hali ya yi, a nuna wa yara su ga ayari da idonsu.

Daren nan ban bar 'yar ƙanwata ta tafi da haddarta kawai ba. Bayan sallar isha'i na ɗauko tsohon kwafina, na buɗe mata daga inda uwar ta baro Fatika, na ce ta karanta da ƙarfi har Tarabulus. Tun tana sauri irin na mai son gamawa, har ta rage murya. Da ta kai ƙarshe ta rufe littafin ta riƙe shi a cinya, ta ce, "Kawu, to su waɗanda Makau ya kamo fa, su ma ai suna da uwaye." Na ce mata suna da su, littafin dai bai bi su ba. Da safe na nemo mata labarin Baba ta Karo a cikin akwati, ta sa a jaka ta tafi da shi.